Buhun da Aka Rubuta wa “Datti”

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Tantance Irin Shuka,
Babban Ofis, Bene na Uku.

Daga:
Malamin aji huɗu, makarantar firamare ta bakin kwalta,
ɗan autan mai tulun wake,
gida na ƙarshe kafin rafi.

Kwanan wata: Litinin, 12 ga Mayu.

Game da: Ƙorafi a kan Jami'in Iri na gundumarmu, da roƙon a dawo wa mahaifiyata da kilo goma sha biyar na irin wakenta kafin Laraba, 21 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Ya kamata in ƙara da cewa haka ta bar mu, amma ba na son in buɗe ƙorafi da ƙarya. Ba ta bar mu lafiya ba.

Wannan ce takarda ta uku da na rubuta a kan magana ɗaya. Biyun farko na miƙa su ofishin gunduma, ɗaya ranar 24 ga Afrilu, ɗaya ranar 29. Ta farko ban san inda ta kwana ba. Ta biyu na gan ta da idona, an ninke ta gida huɗu an tokare ƙafar teburin Jami'in Iri da ita, domin teburin yana rawa. Na ji daɗi da ta yi wa Hukuma wani amfani. Wannan ne ya sa na tsallake gunduma na nufo benenka, kuma ina neman afuwa idan hakan ya saɓa wa tsari.

Maganar a taƙaice ita ce: akwai buhu ɗaya a siton kamfanin nan da ke sayen wake a bakin kwaltarmu yana fitarwa ƙetare. An rubuta wa buhun DATTI da jan fenti. A cikinsa akwai irin shukar mahaifiyata, wanda ma'aikacinka ya karɓa a hannunmu da sunan rajista. Ranar Laraba, 21 ga Mayu, motar masu niƙa abincin kaji za ta zo kwasar dattin siton. Idan buhun nan ya hau motar, wannan iri ya ƙare a bayan ƙasa. Ba ƙawata zance nake yi ba, na bincika, kuma zan nuna a ƙasa. Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. Hukuma ba ta san abin da ta karɓa ba, kuma ba ta tambaya ba. Mahaifiyata, wadda zan kira Inna daga nan domin bakina bai saba da wani suna ba, manomiya ce mai gona ɗaya a bayan rafi. Tun rasuwar mahaifinmu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da wannan gonar ta riƙe mu mu biyar. Tana da tulu guda a kusurwar ɗakinta, bayan gado, inda take ajiye irin wake a cikin toka, ta liƙe bakin da laka, ba a fasawa sai an ji ƙamshin ruwan shuka. A wurin uwarta ta gaje shi, uwar ma a wurin tata.

Wake iri bakwai ne a cikin tulun, a gauraye, kuma da gangan aka gauraya su. Akwai Ɗan-gaggawa, ɗan ƙarami ja, mai nuna tun kafin rumbu ya gama ƙarewa. Akwai Sai-na-ga-dama, wanda ba ya fure sai kowa ya fid da rai. Akwai Sha-rana da ba ya jin fari, da Mai-iyo da ba ya ruɓewa idan ruwa ya kwanta a kunya, da Ƙi-ƙwaro mai kaurin fata, da Rufa-asiri mai yaɗo, wanda ke lulluɓe ƙasa kuma ya bar wa awaki harawa. Na bakwai shi ne fari tas mai manyan ƙwayoyi, wanda Inna ta laƙaba wa Ango, domin a cewarta kyau kamar a sace shi a gudu, amma aiki sai an lallasa: ruwa ya yi yawa ya yi fushi, ya yi kaɗan ya yi fushi. Duk a rami ɗaya take jefa su, yadda hannu ya ɗebo. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce: “Auta, ka taɓa ganin sama ta aiko da takarda ta ce ga irin ruwan da za ta yi bana? To ni ma ba na aika mata da ɗa ɗaya.” A shekarun nan goma sha ɗaya an yi fari sau biyu, rafi ya haura sau ɗaya, amma tukunyarmu ba ta taɓa wuni a kife ba.

2. Kafin in ɗora wa kowa laifi, bari in ɗauki nawa kason, don kada Jami'in Iri ya riga ni faɗa. Ranar Litinin, 10 ga Fabrairu, aka manna sanarwa a bangon makarantarmu, mai hatimin Hukumarka da tambarin abokan hulɗarta na ƙetare: shirin rajistar irin gargajiya “domin kare shi”. Ni mutum ne da karatu ya ɗauke wa hankali, ranka ya daɗe. Na karanta labarin wani rumbu da aka haƙa a cikin dutse mai ƙanƙara can ƙarshen duniya, inda ake adana irin ƙasashe saboda ranar da ba a fata. Na karanta yadda wata al'umma ta jingina da dankali kusan iri guda, cuta ɗaya ta zo ta kwashe mata abinci da mutane. Da na ga sanarwar sai zuciyata ta buga kamar ta wanda aka amsa wa gaisuwa bayan shekara yana bi. Na hango sunan Inna a cikin babban kundi. Na hango Ɗan-gaggawa yana barci a cikin ƙanƙara, kafaɗa da kafaɗa da alkamar manyan ƙasashe.

Mako guda ina bin ta daga murhu zuwa turken awaki ina karanta mata sanarwar. Ta ce, “Kare shi daga wa? Shekara nawa yana bayan gadona, wa ya taɓa shi?” Na ce mata duniya ta canja. Ta ce, “Duniyar ta canja, ƙwaron ma ya canja?” A ƙarshe ba hujjata ce ta ci ta ba, tausayin ɗan auta ne. Abin da babba ya hango yana zaune, ni na hau tarin littattafai ban hango ba. Wannan laifin nawa ne, kuma ina shan hukuncinsa a gida safe da yamma. Sauran laifuffukan da ke biye na ma'aikacinka ne.

3. An karɓi dukan irin, alhali ƙa'idarku samfur ta ce. Ranar Litinin, 17 ga Fabrairu, na je ofishin gunduma na shaida wa Jami'in Iri cewa za mu kawo kilo biyu kamar yadda sanarwa ta nema. Ya ce ba a bayar da takardar shaida a kan ɓangare, sai an kawo duka. Da na nuna masa sanarwar sai ya yi dariya ya ce, “Malam, ka taɓa ganin an yi wa rabin akuya allura?” Masinjan ofis ya yi dariya, ni ma don neman shiri na taya su. Yau idan na tuna dariyar nan tawa sai in ji kamar ƙasa ta tsage.

Ranar Litinin, 3 ga Maris, Inna ta fasa lakar tulunta, wata biyu kafin lokaci, abin da ba ta taɓa yi ba. Ƙanen mahaifina, Baffa, ya kai mu a amalankensa. A tsakar ofis aka tankaɗe tokar aka zubar a kwata, aka ɗora waken a sikeli ya ba da kilo goma sha takwas. Takardar karɓa mai lamba 417 tana hannuna, kuma a jikinta an rubuta “a gwada a mayar wa mai shi cikin mako biyu”. Inna ta ɗebo ƙwayoyi a tafin hannunta ta fara gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gabatar da 'ya'yanta ga shugaban makaranta. Ba ta kai na uku ba Jami'in ya ɗago daga wayarsa ya ce, “Mama, fom ɗin layi ɗaya gare shi.” A layin nan ɗaya ya rubuta: wake, gauraye.

Daga baya na nemo littafin ƙa'idojin Hukuma na karanta shi daga bango zuwa bango, wataƙila ni kaɗai a gundumar nan. Ƙa'ida ta tara ta ce samfur kilo biyu ne, sauran kuma yana zama a hannun mai shi. Na ji ana cewa ana auna ƙwazon jami'ai da yawan kilon da suka tara a rahoton da ake aika wa abokan hulɗa. Ban tabbatar ba. Kai ne kake da ikon tabbatarwa.

4. An ba kura ajiyar nama. Ofishin gunduma ba shi da injin tace iri, don haka aka tura waken Inna siton kamfani, ba da saninmu ba, ba da izininmu ba. Ka san kamfanin, domin hatiminka yana kan allon ƙofarsa. Shekara uku ke nan da zuwansa. Farin wake yake saya, girma ɗaya, launi ɗaya, domin masu zuba shi a gwangwani a can bayan teku haka suke so. Yana da rariyar ƙarfe mai zubar da duk ƙwayar da ba ta kai girma ba, yana da bel mai tafiya, da mata goma sha biyu a tsaye gefe da gefe daga safe zuwa la'asar suna tsince duk abin da ba fari ba. Wanda ya rubuta wannan ma'auni bai taɓa ganin rafinmu ya haura ba, bai taɓa ganin watan Agusta ya yi mako uku babu ɗigo ba. Ba laifinsa ba ne, shi gwangwani yake cikawa. Amma yaya za a yi Hukumar da ta ce za ta kare irin gargajiya ta auna shi da rariyar mai gwangwani? A kan bel ɗin nan aka zuba gadon mata uku. Ɗan-gaggawa ya zube ta rariya. Sauran biyar aka tsince su da hannu. Ango kaɗai ya isa ƙarshen bel, kamar yadda masu kyau suka saba.

5. Abin da aka dawo mana da shi cin fuska ne mai hatimi. Ba mako biyu ba, sai bayan mako bakwai, ranar Talata, 22 ga Afrilu, aka kira ni na karɓo leda mai kilo uku. Ango ne zalla, an rine shi da maganin ƙwari mai launin ruwan hoda, an rubuta a jiki cewa kada mutum ko dabba ya ci. Tare da shi akwai takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, tana taya Inna murnar cewa irinta ya kai tsabta kashi casa'in da tara cikin ɗari.

Na kai mata tana tsakar gida tana gyaran ƙotar fartanya. Ta juye ledar a faifai. Ta daɗe tana tona waken da yatsa, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai neman ɗan kunne a yashi. Sannan ta tambaye ni, “Ina 'yan'uwansa?” Sai na karanta mata takardar shaidar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Wato an kwashe mini ma'aikata an bar mini Ango. An ma yi masa kwalliya.” Daga nan ta ɗauki fartanyarta ta ci gaba.

Ranka ya daɗe, da ta zage ni da na samu sauƙi. Ba ta zage ni ba. Tana zuba mini abinci, tana amsa gaisuwata. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara kirana Auta ba. Malam take ce mini, kamar yadda kowa ke faɗa a kan hanya. Na san wannan ba ya cikin abubuwan da Hukuma ke da sashensu, amma na rubuta shi domin a san ba wake kaɗai aka tace ba.

6. An wulaƙanta ni sau uku ina neman abin da yake namu. Ranar Alhamis, 24 ga Afrilu, na tambayi Jami'in Iri ina sauran kilo goma sha biyar. Ya ce ai gata aka yi wa tsohuwa, domin wake ɗaya ke ɓata gari, ita kuwa shida ta tara. Ranar Juma'a, 2 ga Mayu, na je siton da kaina. Daga bakin ƙofa na hango buhun a bayan babban sikeli, na uku daga bango, an ɗaure bakinsa daban da sauran. Mai gadi ya tare ni da sanda. Manajan ya fito da fara'arsa, ya ce bisa yarjejeniyarsu da Hukuma duk dattin da injinsu ya fitar nasu ne, kuma ba ya sakin ko ƙwaya sai da takarda mai sa hannun Babban Darakta. Ranar Litinin, 5 ga Mayu, na koma wa Jami'in na roƙe shi ya buga maka waya. A gaban manoma huɗu da ke jira a benci ya ce, “Malam Littafi, kasuwar duniya ba ta cin bakan gizo. Je ka koya wa yara baƙi da wasali, ka bar mana aikinmu.”

Na tafi na koya musu. Darasin taswira ne ranar. Na nuna musu teku da tashar jiragen ruwa da hanyar da wakenmu ke bi, ina danna alli a allo har ya karye.

Idan ka tambaya yaya aka yi waken Inna ya zauna a buhu ɗaya bai bi babban tarin datti ba, amsar ita ce a cikin siton akwai wanda ya gane shi a kan bel, ya tara shi gefe har da wanda ya zube ta rariya, ya ɗaure. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ko namiji ne ko mace, ko da aikina zan rasa. Abin da zan faɗa kawai shi ne, hannun da ya ɗaure bakin buhun nan ya fi mini duk hatiman Hukumarka daraja. In Allah ya yarda wata rana zan ambaci sunan da babbar murya a gaban shaidu, amma ba irin shaidun ofis ba.

7. Babu sauran wannan iri a wani gida. Tsakanin 26 ga Afrilu da 10 ga Mayu, bayan tashi daga makaranta, na bi gida ashirin da uku a ƙauyuka uku a kan keke, ina tambayar tsofaffi ko akwai mai ko da cikin tafi. An buɗe mini tuluna na leƙa. Wani an mayar da shi na ruwa, wani kaza ke ƙwai a ciki. Tun shekarar da kamfani ya zo da irinsa na leda, jami'anku suna biye suna cewa wanda ya shuka gauraye ba za a sayi nasa ba, kowa ya dafa tsohon irinsa ya cinye. Inna kaɗai ta ƙi, har ana ce mata mai taurin kai. Tulunta shi ne na ƙarshe, kuma ni na ɗauko shi na kawo muku.

Baffa yana cikin waɗanda suka bi. Shekarar farko ya sayi rediyo ya sake rufin ɗaki, yana yi wa Inna tsiya cewa ta zauna da wakenta mai kama da taron kasuwa. Bara ruwa ya ɗauke mako uku ana tsakiyar fure. Irin leda ya tsaya ƙyam a kunya ya bushe, abin da ya tsira kuma ya fito ƙanana, rariyar kamfani ta zubar da fiye da rabi. Irin ba ya yaɗo, ba ya barin harawa, don haka kafin rani ya raba awakin Baffa huɗu sun koma ɗaya. Takin zamani da irin ke buƙata kuwa ya yi wuyar samu, wai saboda wani yaƙi a ƙasar da Baffa bai san ta wane gefen rana take ba. Kwanan baya na tarar da shi a shagon bakin kwalta yana juya gwangwanin wake mai rubutun ƙetare a hannunsa. Ya ce da mai shago, “Duba mini da kyau, wataƙila ɗan gonata ne ya je yawon duniya ya dawo da rigar ƙarfe, ga shi ko gaishe ni ba ya yi.” Kowa ya yi dariya. Ya ajiye gwangwanin ya fita bai saya ba.

Bana Baffa ya yi niyyar haɗiye girman kansa ya roƙi Inna cikin tafi biyu. Mata biyar a unguwarmu sun riga sun yi mata magana tun kaka. Saboda haka buhun da ke bayan sikeli ba na gida ɗaya ba ne, na gida bakwai ne.

Kada a ɗauke ni maƙiyin ciniki da duniya. Ina son jiragen ruwa, na kwana da hotunansu a littafi tun ban iya ɗaure takalmi ba. Amma wanda zai buɗe gwangwani a bayan teku, idan wake ya ƙi, yana da wasu gwangwanaye ashirin a kan kanta. Inna tulu ɗaya gare ta. Hukumar da ba ta iya bambance waɗannan mutane biyu ba, ban san irin me take tantancewa ba.

8. Lokaci yana cin buhun ta ciki da waje. Yau mako goma ke nan waken yana zaune babu toka, a sito mai zafi, cikin tarin datti. An shaida mini cewa idan aka kara kunne a jikin buhun ana jin motsin ƙwari. Ƙi-ƙwaro zai daure, amma Ɗan-gaggawa fatarsa ba ta da kauri. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar, maƙwabta sun gama sharar gona. Inna ma ta share tata tas, ta ja kunyoyi, ba tare da ta ce wa kowa me za ta zuba a ciki ba.

Bisa waɗannan dalilai, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon Mai Girma Babban Darakta:

Na farko, ya sa hannu a takardar da za ta umarci manajan sito ya saki buhun, kuma ta iso kafin Juma'a, 16 ga Mayu. Layi biyu sun isa. Na ga fom ɗinku, na san Hukuma ta iya taƙaita magana.

Na biyu, a ba mu shi yadda yake. Kada a sake tace shi, kada a rina shi, kada a gwada shi, kuma don girman Allah kada a ƙara kare shi. Dattin muke so, da tsakuwarsa da ƙwarinsa. Inna tana da faifai, tana da toka.

Na uku, a binciki Jami'in Iri a kan saɓa ƙa'ida ta tara, da kuma kai kayan manoma injin mai saye ba da izininsu ba. A kuma duba ko akwai wasu tsofaffin a wasu gundumomi da aka taya irin wannan murna.

Na huɗu, kada a taɓa aikin kowa daga cikin masu tsintar wake a siton saboda wannan takarda. Abin da aka sa su suka yi, kuma ɗayansu ya yi abin da Hukuma ta yi alkawari ta kasa.

Na haɗo da kwafin takardar karɓa mai lamba 417. Na kuma haɗo da takardar shaidar tsabta, ta asali, mai zanen zinariya. Ba mu da bangon da ya dace da ita. Idan akwai tebur mai rawa a bene na uku, tana da kauri.

Akwai shaida ɗaya da ban haɗo ba. Shekaranjiya Inna tana goge cikin tulu sai ta ci karo da ƙwaya ɗaya ta Ɗan-gaggawa maƙale a tsagar gindi. Ta ƙulle ta a bakin zanenta. Na so in roƙe ta in sa a cikin ambulan don ka ga abin da ake kira datti da idonka. Amma na koyi darasi, ranka ya daɗe, ko da yake a makare. Ba na ƙara kai wa ofis ƙwaya.

Idan Laraba, 21 ga Mayu, ta zo babu amsa, za a same mu a bakin ƙofar sito tun da hantsi: ni, da Inna, da Baffa da amalankensa, da mata biyar, da tulun. Za mu tsaya a gaban motar kaji. Ba barazana ba ce, sanarwa ce, sai dai tamu sanarwar abin da ta faɗa shi za a yi.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, ya kuma ba shi ikon karanta takarda har ƙarshenta. Ina nan ina jiran amsa, ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a gabas.

Naka cikin biyayya, gwargwadon abin da ya rage mini,

Malamin aji huɗu,
wanda a da ake kira Auta.

Gurbin dangwalen mai kaya: na bar shi a buɗe. Na karanta wa Inna takardar nan daga farko har ƙarshe, na miƙa mata tawada ta dangwala. Ta kalli tawadar, ta kalle ni, ta naɗe hannunta a cikin zane ta ce, “Malam, na ba su wake sun dawo mini da kashi ɗaya cikin shida. Yanzu kuma yatsa zan ba su?”